Ƙato da gwani a damben masu nauyi

Duk lokacin da aka yi babban damben boksin na ajin masu nauyi, washegari muhawara ɗaya ce take tashi a fadodin shan shayi na Tawa, kuma kusan kullum kashi biyu ake rabuwa. Wasu suna cewa idan ƙato ya kama ƙaramin mutum magana ta ƙare, tunda naushi ɗaya ya isa. Wasu kuma suna cewa dabara ta fi ƙarfi, sai su ambaci Muhammad Ali su ɗauka sun rufe bakin kowa. Na daɗe ina sauraron ɓangarorin biyu, kuma inda na tsaya shi ne, girman jiki shi kaɗai ba ya cin dambe, sai dai yana sa kowane kuskure ya yi wa mai shi tsada, ita kuwa gwaninta ita ce take tilasta wa abokin karawa ya yi kuskuren.

Mu mutanen Adar muna da dalilin ɗaukar wannan magana da zafi, domin a garinmu aka fara gasar kokowa ta takobin ƙasa a shekarar 1975, kuma gasa ce da ba a raba 'yan kokowa bisa nauyin jiki. Wanda ya saba zama a filin kokowa ya ga ranar da siriri ya shige ƙarƙashin ƙato ya ɗauke masa ƙafa, ya kuma ga ranar da ƙaton ya rungume shi tun bai gama shirya dabararsa ba. Amma akwai bambancin da bai kamata a manta da shi ba. A kokowa kaye ɗaya ne yake raba gardama, a boksin kuwa damben kambun duniya turmi 12 ne, kowane turmi minti 3, da hutun minti ɗaya a tsakani, wato mutum zai ɗauki jikinsa minti 36 yana kai hari yana kuma kare kansa. Nauyin da ya taimake shi a turmi na 2 shi ne zai ɗaure masa ƙafafu a turmi na 10 idan bai san yadda ake tafiyar da shi ba.

Ajin masu nauyi shi kaɗai ne a boksin ba shi da iyaka ta sama. Kowane aji na ƙasa yana da adadin da ba a wuce shi, shi kuwa wannan a al'ada yana farawa ne daga sama da kilo 90.7, daga nan ko nawa mutum ya kai an yarda. Saboda haka a nan kaɗai ake iya ganin mai kilo 100 ya tsaya gaban mai kilo 140. Abin da girma yake ba ɗan dambe sananne ne: dogon hannu da zai taɓa abokin karawa daga inda shi ba za a taɓa shi ba, nauyin da ke bin bayan naushi, jikin da ke shanye duka, da kuma damar danne mutum idan an rungumi juna har ƙafafunsa su gaji. Abin da yake karɓa a madadin haka shi ne numfashi da saurin juyawa. Ƙato yana buƙatar ya kafa ƙafafunsa kafin ya saki naushi mai ƙarfi, kuma duk aikin gwani ƙarami yana cikin hana shi wannan kafawar.

Tsofaffin misalai suna goyon bayan masu cewa dabara ta fi ƙarfi. A ranar 4 ga Yuli 1919, a garin Toledo na Amurka, Jack Dempsey mai kilo 85 ya kayar da Jess Willard mai kilo 111 sau bakwai a turmin farko, kuma Willard bai fito turmi na 4 ba. A 1935 Joe Louis ya gama da Primo Carnera a turmi na 6, alhali Carnera ya ɗara shi da kusan kilo 30. A Nuwamban 2009, a Nuremberg ta Jamus, David Haye mai kilo 98 ya ƙwace kambun duniya na hukumar dambe ta WBA daga hannun Nikolai Valuev, mutumin da tsawonsa ya kai mita 2.13 kuma nauyinsa ya kai kilo 143; ya yi ta zagaya shi, ya shiga ya buga ya fita, har alƙalai biyu suka ba shi nasara. Sai dai waɗannan ƙattin duka abu ɗaya ya haɗa su, ƙafafunsu da hannayensu ba su kai girmansu ba. Wanda yake son ya san gaskiyar lamarin sai ya duba abin da ya sami Haye ɗin nan a Yulin 2011 a Hamburg, lokacin da ya haɗu da Wladimir Klitschko. Dabarar da ta yi aiki kan Valuev ba ta yi komai ba, domin ya tarar da ƙato wanda ya san tazara, wanda hannunsa na gaba yake isowa kafin a matso, kuma yake ja da baya taki ɗaya daidai lokacin da ya kamata. Haye ya sha kaye da maki masu yawa.

Labarin Wladimir ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne ya fi nuna cewa girma abu ne da ake koya wa mutum amfani da shi. Tsawonsa mita 1.98 ne, ya ci zinariyar Olamfik a Atlanta a 1996, amma duk da haka Corrie Sanders ya gama da shi a turmi na 2 a 2003, Lamon Brewster kuma ya tsayar da shi a 2004 bayan ya ƙarar da numfashinsa yana neman gamawa da wuri. A wancan lokaci mutane da yawa sun yanke cewa ba ya iya shan duka kuma ba ya daɗewa a fage. Mai horarwa Emanuel Steward, na gidan damben Kronk da ke Detroit, bai ƙara masa ko kilo ɗaya na ƙarfi ba. Abin da ya gyara masa shi ne tsayuwa, da haƙuri, da dogaro ga naushin hannun gaba, da rungumar duk wanda ya samu ya kutso ciki a danne shi har alƙalin fage ya raba. A Satumban 2005 Samuel Peter ɗan Najeriya, wanda naushinsa yake da nauyi ƙwarai, ya kai shi ƙasa sau uku, amma Wladimir ya tashi kowane karo ya koma bayan hannunsa na gaba, kuma alƙalai uku duka suka ba shi nasara. Daga 2006 har zuwa 2015 babu wanda ya karɓe kambu a hannunsa. Jikin nan dai shi ne wanda aka kayar a 2003 da 2004. Steward ɗin kuwa ya riga ya yi irin wannan aiki da Lennox Lewis bayan Oliver McCall ya kayar da shi a 1994. Na yarda cewa damben Wladimir ba shi da daɗin kallo, kuma yawan rungumar da yake yi yana ɓata wa mai kallo rai, amma ba a iya musun cewa ilimi ne.

Masu ambaton Muhammad Ali ma ya kamata su sake duba daren Kinshasa na 30 ga Oktoba 1974. Ana ba da labarin kamar ƙaramin mutum ne ya kayar da basamude, alhali a sikeli Ali yana da kilo 98, George Foreman kuma kilo 100. Bambancin yana cikin shekaru da naushi: Foreman yana da shekara 25, bai taɓa shan kaye ba, kuma ya gama da Joe Frazier da Ken Norton kowanne a turmi na 2, Ali yana da 32. Da Ali ya jingina da igiya ya bar Foreman yana dukan hannuwansa da haƙarƙarinsa har ya gaji, kafin ya kayar da shi a turmi na 8, dabara ce babu shakka, amma dabara ce da mai kilo 85 ba zai iya yi ba, domin jikinsa ba zai shanye wannan duka ba. Ali babban mutum ne mai saurin ƙaramin mutum, kuma wannan haɗin shi ne abin tsoro a tare da shi. Haka ma Mike Tyson, wanda ake tunawa da shi saboda ƙarfi kawai: tsawonsa mita 1.78 ne, kuma abin da ya kai shi ga zama zakaran duniya yana ɗan shekara 20 a 1986 shi ne kaɗa kai da shigewa ƙarƙashin dogon hannu, kamar yadda Cus D'Amato ya koya masa. Da kaɗa kan nan ya ragu, sai Buster Douglas ya tsare shi da dogon hannu a Tokyo a 1990 ya kayar da shi.

Yanzu kuma sai a ba masu ƙarfi haƙƙinsu, domin suna da hujja mai nauyi. A Yunin 1941 Billy Conn, wanda ya taso daga ajin ƙasa kuma bai kai kilo 80 ba, ya yi turmi 12 yana wasa da hankalin Joe Louis, har yana gaba a takardun alƙalai biyu. A turmi na 13 ya yanke shawarar tsayawa ya yi musayar naushi don ya gama da zakaran, sai Louis ya gama da shi kafin a kaɗa ƙararrawa. Kuskure ɗaya ya shafe aikin fiye da rabin awa. A Nuwamban 2019 Luis Ortiz yana gaba da Deontay Wilder a takardun alƙalai uku, sai naushin dama guda ɗaya a turmi na 7 ya kwantar da shi. A Nuwamban 1994 Foreman, yana ɗan shekara 45, ya sha duka turmi 9 a hannun Michael Moorer, sannan ya kayar da shi a na 10 ya koma zakaran duniya shekara 20 bayan Kinshasa. A ajin masu nauyi gwani ƙarami dole ne ya yi daidai daga farko har ƙarshe, mai naushi kuwa sau ɗaya kawai yake buƙatar ya dace. Duk da haka ina ganin ko a nan an rage wa gwaninta haƙƙinta, musamman a damben Foreman, domin tsohon ya daɗe yana jan Moorer ya tsaya a gabansa, yana auna shi da hannun hagu, kafin ya saki gajeren naushin daman nan. Shi kuwa Wilder abin lura a kansa shi ne ba ƙato ba ne ta fuskar nauyi. Dogo ne siriri, kilo 96 kawai yake da shi a karawarsa ta farko da Tyson Fury a 2018. Ƙarfin naushinsa daga sauri da tsawon hannu da juyin ƙugu yake fitowa, wanda ya nuna cewa girma dabam, naushi dabam, ko da yake a bakin mutane abu ɗaya ne.

Fury ne ya nuna yadda ake mayar da nauyi makami da gangan. Bayan canjaras ɗin 2018, inda Wilder ya kai shi ƙasa a turmi na 9 da na 12, sai ya koma wurin SugarHill Steward, ɗan'uwan Emanuel kuma almajirinsa, ya zo karawa ta biyu a Fabrairun 2020 da kilo 124. Maimakon ya guje wa hannun daman Wilder sai ya tunkare shi, ya tilasta masa ja da baya, ya riƙa jingina masa nauyinsa a wuya da kafaɗu duk lokacin da suka haɗu, domin ya gane cewa Wilder ba ya iya sakin naushinsa yana tafiya baya. Ya kayar da shi sau biyu, kuma a turmi na 7 mutanen Wilder suka jefa tawul. Amma ƙarin nauyin da ba shi da manufa labarinsa dabam ne. Andy Ruiz, wanda ya girgiza duniya da saurin hannunsa lokacin da ya doke Anthony Joshua a New York a Yunin 2019, ya zo karawa ta biyu a Saudiyya da ƙarin kusan kilo 7, ya yi turmi 12 yana bin Joshua bai kama shi ba.

Oleksandr Usyk na Yukiren shi ne ya sa wannan muhawara ta sake zafi a 'yan shekarun nan. Ya ci zinariyar Olamfik a Landan a 2012, ya haɗa kambuna huɗu na ajin kilo 90.7 a 2018, sannan ya hau ajin masu nauyi yana da kusan kilo 98. Ya doke Joshua a Landan a Satumban 2021, ya sake doke shi a Jidda a Agustan 2022, ya doke Fury a Riyad sau biyu a 2024, ya kuma gama da Daniel Dubois a turmi na 5 a filin Wembley a Yulin 2025. Wanda ya zuba ido kan ƙafafunsa maimakon hannuwansa zai ga sirrin. Bahago ne, kuma kullum yana ƙoƙarin ajiye ƙafarsa ta dama a wajen ƙafar hagu ta abokin karawa, abin da ke buɗe wa hannunsa na hagu hanya madaidaiciya kuma yake nisanta shi daga hannun daman wancan. Hannunsa na gaba ba ya hutawa, yana taɓawa, yana barazana, yana ja da baya. Kansa yana motsi. Da zarar ƙaton ya kafa ƙafa zai buga, sai ya tarar mutumin ya koma gefe, dole ya sake juyawa. Kowace barazana tana sa babban jiki ya ɗaure tsoka ya saki, kuma wannan gajiya ce da ba ta bayyana sai bayan turmi na 7 ko na 8.

Karawar farko da Fury, ranar 18 ga Mayu 2024, ita ce ta fi koyarwa, domin ba ta ba kowane ɓangare cikakkiyar gaskiya ba. Fury yana da tsawon mita 2.06 da kilo 119, Usyk mita 1.91 da kilo 101, kuma Fury ba irin su Valuev ba ne, ƙato ne gwani wanda ya raba Wladimir da kambunsa a 2015 ta hanyar dabara zalla. A tsakiyar damben Fury ne yake kan gaba, yana dukan ciki yana kuma sako naushin da ke tasowa daga ƙasa zuwa haɓa, har an ga Usyk ya jigata a turmi na 6. Usyk bai canza saurinsa ba, kuma a turmi na 9 ya sami Fury da hannun hagu, ya bi shi da duka daga igiya zuwa igiya har alƙalin fage ya yi masa ƙidaya. Sakamakon ya fito 115 da 112, da 114 da 113 ga Usyk, sai 114 da 113 ga Fury. Idan aka cire makin da ƙidayar nan ta ci wa Fury, takarda ta biyu za ta koma kunnen doki, damben kuma ya tashi canjaras. Ma'ana, gwanin da ya fi kowa gwaninta a zamaninsa bai tsira da dabara kaɗai ba, sai da ya nuna yana da naushin da zai girgiza mai kilo 119. A karawa ta biyu a Disamba Fury ya hau sikeli da tufafinsa ya nuna kilo 127, kuma alƙalai uku duka suka ba Usyk 116 da 112.

Akwai kuma Francis Ngannou ɗan Kamaru, wanda samarinmu suke ƙauna saboda sun san daga haƙar yashi ya taso. A Oktoban 2023, a damben boksin ɗinsa na farko na ƙwararru, ya kai Fury ƙasa a turmi na 3 kuma da ƙyar aka ba Fury nasara, sai masu cewa ƙarfi ne komai suka ɗauka hujjarsu ta cika. Bayan wata biyar Joshua ya kayar da shi sau uku ya sumar da shi a turmi na 2, da naushin dama madaidaici wanda yake bin bayan barazanar hannun hagu, irin darasin da ake koya wa ɗan dambe a shekarunsa na farko. Ƙarfin Ngannou bai ragu ba tsakanin Oktoba da Maris. Abin da ya rasa shi ne shekarun da ido yake ɗauka kafin ya koyi ganin naushi tun daga kafaɗa.

Wannan shi ne abin da yake damuna idan na ga samari a Tawa ko a Yamai suna ɗaga ƙarfe safe da yamma, suna dukan buhun yashi da duk ƙarfinsu, suna kiran hakan shirin dambe. Ƙasarmu ba baƙuwar boksin ba ce, tunda lambar Olamfik ta farko da Nijar ta samu a boksin ta zo, tagullar Issaka Daboré a Munich a 1972, kuma dogayen samari ba su yi mana ƙaranci ba, kamar yadda Abdoul Razak Issoufou Alfaga, wanda ya haura mita 2, ya nuna a wasan takwando da azurfarsa ta Rio a 2016. Yaro dogo mai ƙashi kyauta ce daga Allah, amma shi ne ya fi kowa haɗarin lalacewa, domin yana cin tsaransa da girma kawai, babu abin da ke tilasta masa koyon taka ƙafa, da tsallen igiya, da gudun safe, da riƙe hannu a sama bayan ya buga. Ranar da zai haɗu da wanda ya kai shi girma, ranar ce zai fara neman abin da ya kamata a koya masa yana ɗan shekara 14.

Hukumar WBC ta duba yadda masu nauyi suke ƙara girma, daga Rocky Marciano da ya riƙe kambu da kilo 85 a shekarun 1950 zuwa ƙattin yau, sai ta ƙirƙiro sabon aji a 2020 tsakanin kilo 90.7 da kilo 101.6, ko da yake ba duka hukumomi ne suka bi ta ba. Masu adawa da ajin suna nuna cewa nauyin Usyk a daren da ya fara doke Fury yana cikin wannan iyaka, don haka babu buƙatarsa. Ni ina ganin akwai buƙata. Usyk ya yi dambe fiye da 300 kafin ya zama ƙwararre, kuma ba a kafa doka a kan mutum irinsa. Ɗan dambe mai kilo 98 wanda gwanintarsa matsakaiciya ce, idan aka tura shi gaban mai kilo 120 wanda shi ma matsakaici ne, dukan da zai sha a kai ya fi abin da za a biya shi. Ajin ya zauna domin irin waɗannan, a kuma bar ƙofar masu nauyi a buɗe ga duk wanda ya ga ƙafafunsa da numfashinsa za su iya ɗaukar turmi 12 a gaban wanda ya ɗara shi da kilo 20.